Gwajin tayar da adirinal: yadda aka bi ciwon wata mai ɗinki a Kano, daga 2022 zuwa 2025

Matar da wannan rubutu ya shafa 'yar shekara 33 ce, mai 'ya'ya uku, tana ɗinki a gida a wata unguwa da ke cikin ganuwa. Yayarta maƙwabciyata ce, ta hannunta na ga takardun asibiti, kuma da yardar mai lamarin na rubuta, bisa sharaɗin ba suna. Lambobin da ke ƙasa daga takardun nan na kwafo su.

Yuli 2022 zuwa Fabrairu 2024: ƙwayar dare

Tun tana budurwa siririya ce, nauyinta bai taɓa wuce kilo 50 ba. A wani biki a tsakiyar 2022 wata gwaggonta ta dube ta a gaban mutane ta ce, "Ke kam maigidan naki ba ya ajiye abinci ne?" Aka yi dariya, ita kuwa maganar ta zauna mata. Bayan sati biyu wata mai kawo mata ɗinki ta ba ta 'yan ƙananan ƙwayoyi a leda, irin waɗanda mata ke kira sha-ka-fashe. Ta fara da biyu kowane dare, kafin shekara ta zagayo ta kai huɗu.

Ƙwayar deksametazon ce, mai rabin miligiram, wadda masu kemis ke taƙaita sunanta su ce deksa. Tana cikin dangin magungunan sitiroyid, wato kwaikwayon wani sinadari da jiki ke yi da kansa mai suna kotisol. Masu yin kotisol wasu 'yan tsokoki ne guda biyu, kowacce zaune a kan ƙoda ɗaya kamar hula, nauyinta giram huɗu zuwa biyar, likitoci na kiransu adirinal. Kotisol ne ke riƙe ƙarfin gudun jini da sukarin jini, musamman in zazzaɓi ko rauni ko yunwa ya taso. Adirinal ba ta aiki sai an kira ta. Mai kiran wata 'yar halitta ce kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, fituwitari, kuma saƙon da take aikowa ta cikin jini sunansa ACTH. In fituwitari ta ga jini cike da sitiroyid sai ta daina kira, in an jima ba a kira ba adirinal ta shiga barci, har ta motse. Shan maganin fiye da sati uku zuwa huɗu ya isa ya fara wannan aikin.

Miligiram 0.75 na deksa daidai yake da miligiram 20 na haidirokotizon, wato kotisol na magani, wanda shi ne kusan abin da ake ba babban mutum a yini in jikinsa ya daina yin nasa. Ƙwaya huɗu miligiram 2 ke nan, ya ninka bukatar jiki fiye da sau biyu, ita kuwa wata ashirin ta yi tana shan ƙwayar. Nauyi ya hau zuwa kilo 66. Fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu suka tsuke, nankarwa mai faɗi ta bayyana a cinya da gefen ciki. Mutane suka yi ta cewa hutu ya zo.

Maris 2024: daina sha

A farkon 2024 hukumomi suka rufe shagunan masu sayar da magani a Sabon Gari don a koma sabuwar kasuwar Dangwauro. Mai kawo mata ƙwayar ta ce kaya sun yi wuya, ta ƙara kuɗi. Ga azumi ya matso. Ranar Lahadi 10 ga Maris, daren da aka ga wata, ta shanye ragowar ta ce ta bar shi ke nan.

Deksa na daɗewa a jiki, shi ya sa azumin farko da na biyu ba ta ji komai ba. A na huɗu kasala ta kama ta, irin wadda ko taka keken ɗinki ba ta iyawa. Jiri in ta miƙe, tashin zuciya, ciwon gaɓoɓi, abinci ya fita daga ranta. A zafin Kano na watan Maris kowa haka yake ji da la'asar, don haka aka ɗora wa azumi.

Ranar 18 ga wata maigidan ya kai ta wani kemis. Aka ce maleriya da taifod, aka haɗa allurai. Washegari ta tashi garau, har ta yanka ɗinkin sallah kala uku. Bayan kwana uku ta koma gidan jiya. Aka sake allurar ranar 25, aka sake samun sauƙin kwana uku. Sai daga baya, da yayarta ta koma ta tambayi abin da ke cikin sirinjin, mai kemis ya ce yakan ƙara deksa "don jiki ya saki".

3 zuwa 9 ga Afrilu 2024: kwanciya a asibiti

Daren 2 ga Afrilu gudawa da amai suka same ta. Da asuba ba ta iya ɗaga kai. A asibiti awon hawan jini ya nuna 80 bisa 50, sukari 3.1, gishirin jini na sodiyam 126, alhali daidai shi ne 135 zuwa 145. Fotasiyam, shi ma gishirin jini ne, 4.1, lafiya lau. Aka yi ƙarin ruwa leda biyu, awon bai motsa ba.

Wata likita da ta karɓi aikin rana ta ɗaga zanin ta ga nankarwar, ta dubi fuskar, ta ja yayar gefe.

"Hajiya, ƙanwarki tana shan wani magani na ƙara ƙiba?"

"Tana sha dai, Likita, amma ta bari tun farkon azumi."

Nan take aka yi mata allurar haidirokotizon miligiram 100 ta jijiya. Kafin magariba awon ya kai 105 bisa 65, ta nemi kunu. An yi daidai da ba a tsaya jiran gwaji ba, domin wannan faɗuwar tana kisa cikin sa'o'i. Abin da ya kuɓuce shi ne ɗibar jini kafin allurar, aikin minti ɗaya. Sai bayan awa biyu aka ɗiba, awon kotisol ya fito sama da 1,000. Haidirokotizon shi ne kotisol ɗin kansa a kwalba, don haka maganin aka auna, ba jikinta ba.

Aka sallame ta jajibirin sallah da haidirokotizon na haɗiya: miligiram 10 da safe, 5 da azahar, 5 da la'asar. Aka rubuta mata ta je ta yi gwajin tayar da adirinal.

14 ga Mayu 2024: gwaji na farko

Mutum zai ce me ya hana a ɗibi jini kawai a auna? Kotisol ba ya zama wuri ɗaya. Yana kai ƙololuwa da sassafe, ya yi ta sauka har tsakar dare, kuma tsoro ko ciwo na iya ɗaga shi. Awon safe in ya yi ƙasa ƙwarai ko ya yi sama sosai ya wadatar, amma da yawa a tsakiya suke faɗawa. Gwajin tayarwa wata tambaya yake yi daban: in an kira adirinal da ƙarfi, za ta amsa?

Yadda ake yinsa ba wuya. A ɗibi jini, a yi allurar maikirogiram 250 na ACTH ɗin da aka haɗa a masana'anta, wanda aka fi sani da sunan Synacthen, ta jijiya ko ta tsoka, a sake ɗibar jini a minti 30 da minti 60. ACTH na jiki sarƙa ce mai ɗigo 39, na kwalba ɗigo 24 na farko ne kawai, kuma su ne masu aikin. Ƙa'idar da aka daɗe a kai ita ce kotisol ya kai nanomol 500 a kowace lita. Sababbin injinan awo sun fi tantancewa, nasu ma'aunin yakan sauko wajen 420 zuwa 450, shi ya sa ake karanta sakamako da ma'aunin ɗakin gwajin da ya yi shi.

Samun allurar ma aiki ne. A firij ake ajiye ta, kuma ba kowane kantin magani ke da ita ba. Sati uku maigidan yana zagaye kafin ya samo, ya kawo ta a kula da ƙanƙara. Aka yi gwajin a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Babu wanda ya gaya mata komai game da shiri, ita kuma an ja mata kunne a asibiti kada ta kuskura ta tsallake magani, don haka ƙarfe 7:30 ta haɗiyi miligiram 10 ɗinta ta fito. Ƙarfe 8:30 aka fara.

Kafin allura 512. Minti 30, 538. Minti 60, 497.

Wanda ya duba takardar a wani ƙaramin asibiti ya ga 538 ya wuce 500, ya ce ta warke, ta daina magani. Ta daina ranar 16. Ranar 20 aka dawo da ita a adaidaita sahu, kanta a kafaɗar yayarta.

21 ga Mayu zuwa 9 ga Yuli 2024: gwaji na biyu

Wannan karon aka tura ta babban asibiti wajen likitan sinadaran jiki, irin waɗanda masu ciwon sukari da maƙoƙo ke gani. Yayar ta ce ya daɗe yana kallon lambobin nan uku kafin ya yi magana. Abin da ya tsayar da shi ba girmansu ba ne, rashin motsinsu ne. Adirinal mai lafiya in ta ji wannan allura yunƙurawa take yi, lamba ta biyu ta yi wa ta farko nisa. Nan kuwa an fara a sama, an tsaya a sama, sannan aka fara gangarowa, yadda ƙwayar da aka haɗiya take yi in tana barin jini.

"Malama, ranar gwajin kin sha maganinki da safe?"

"Na sha, Likita. An ce kada in fasa."

"Ba laifinki ba ne. Akwai wani abin da kike sha bayan wannan?"

Da ɗan jinkiri ta ce akwai ƙwayar tazarar haihuwa. Ita ma ta shiga lissafi. Irin mai istirojin, wato sinadarin jikin mata, tana ƙara yawan furotin ɗin da ke goya kotisol a cikin jini, injin kuma duka yake ƙirgawa, goyayye da sakakke, sai lamba ta kumbura ba tare da jiki ya ƙaru da komai ba. Sati shida ake bari bayan an daina ta. Aka sauya mata wata hanyar.

Ya yi musu bayani da janareto, wanda duk ɗan Kano zai gane. Ya ce gidan da wuta ba ta ɗaukewa wata ashirin, janaretonsa zai daskare a lungu. In kana son sanin ko yana aiki, ba ƙwan ɗaki za ka duba ba alhali akwai wuta. Sai ka kashe layi, ka ja igiya, ka saurara. Gwajin Mayu an ja igiya ne da wutar layi a kunne.

Ranar Litinin 8 ga Yuli ta sha na safe ta tsaya, ta yini a kwance a gida, yayarta na kusa da allurar gaggawa a jaka. Talata ƙarfe 8 aka sa mata kanula. Kwalba biyu aka ɗiba kafin allura, ɗaya ta kotisol, ɗaya ta ACTH ɗinta na jiki, wadda nan da nan aka tsoma a ƙanƙara don yana saurin lalacewa. Da allurar ta shiga ta ce ta ji ɗumi ya taso mata zuwa fuska, ya wuce kafin minti biyu. Nas ta zauna da agogo a hannu, domin wasu, musamman masu asma, allurar kan tayar musu da borin jini. Ana gama ɗiba ta uku aka miƙa mata maganinta da ruwa.

Kafin allura 71. Minti 30, 164. Minti 60, 203. ACTH kuma ƙasa da mafi ƙarancin ma'aunin.

Lambobi ukun farko sun ce adirinal ba ta iya amsawa. Na huɗun shi ya nuna inda matsalar ta faro. Da adirinal ɗin ce ta lalace da kanta, da fituwitari ta yi ta ƙwala kira, ACTH ya yi sama. Wannan shi ne ciwon da Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855, lokacin da tarin fuka ne babban mai cinye adirinal, kuma a ƙasashenmu har yanzu yana cikin manyan dalilai, ko da yake a Turai yanzu garkuwar jiki ce ta fi kai mata hari. Masu irinsa fata na ƙara duhu, a baƙar fata an fi gani a dasashi da layukan tafin hannu, fotasiyam ya hau, su riƙa marmarin gishiri. Ita ba ta da ko ɗaya. Duk da haka an ɗauki hoton ƙirji an gwada majina, babu tarin fuka. Ya kuma tambaye ta ko ta zubar da jini da yawa a haihuwar ƙarshe, ko nono ya ƙi zuwa, ko al'ada ta ɗauke, domin zubar jinin haihuwa na iya kashe fituwitari. Duk ta ce a'a. Sai ya rage bayani ɗaya: maganin waje ne ya sa mai kira ya yi shiru. Irin wannan yakan farfaɗo, amma a hankali, wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye.

Yuli zuwa Disamba 2024

Aka ci gaba da haidirokotizon, daga baya aka rage zuwa miligiram 15 a yini. Aka ba ta kati ta riƙa yawo da shi, aka koya mata ƙa'ida biyu: in zazzaɓi ya zo ta ninka magani, in amai ya hana shi zama a tafi asibiti a yi allura. A Satumba maleriya ta kama ta, ta ninka kwana uku, ba a kwantar da ita ba. Nauyi ya sauko zuwa kilo 59.

14 ga Janairu 2025: abin da nas ta gani

Wata shida ke nan, ana sa ran an samu ci gaba. Likitan ya ce a fara da awon safe kawai, bayan awa 24 ba magani, kada a kashe kuɗin allura a banza. Ya fito 118. Ƙasa da 150 ba a ma batun janye magani, don haka ba a yi gwajin tayarwa ba.

Nas ɗin da ke neman jijiya ce ta lura. Ta naɗe hannun hijabin ta ga fatar dantse ta yi fari sol, siririya kamar takarda, jijiyoyi kore shar a bayyane, ga gaɓoɓin yatsu baƙaƙe. Wurin da ta ɗaure da roba ya yi jawur nan take.

"Yar'uwa, wane mai kike shafawa?"

"Haɗi ne, Sista. Wata ce ke yi mana a unguwa."

"Tun yaushe?"

"Ya fi shekara uku."

Talatar da ta biyo ta kawo robar, ba suna ba takarda, mai ne ruwan madara mai ƙamshin turare. Yayar ta je wajen mai haɗin ta lallaɓa ta har ta nuna mata bututun da take matsewa a ciki. Biyu daga cikinsu kulobetasol ne, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin sitiroyid na shafawa. Tun daga wuya har ƙafa take shafa shi, safe da dare, kuma da hunturu ta ƙara yawa saboda kaushi. Fatar da ta yi siriri ta fi tsotsewa. Wata tara ana tambayarta me take sha, tana faɗin gaskiya. Ba wanda ya tambaye ta me take shafawa, ita kuma ba ta taɓa ɗaukar mai a matsayin magani ba.

Aka dakatar da shi, tunda haidirokotizon na tsare da ita. Fuska ta yi ƙuraje, launi ya dawo a dabbare-dabbare, wata biyu ba ta zuwa biki. Yayar ta ce wannan ya fi komai yi mata ciwo a duk jinyar. Azumin 2025 ya kama 1 ga Maris, likita ya ce kada ta ɗauka, ta sha da niyyar ramuwa.

Mayu zuwa Oktoba 2025: gwaji na uku

Awon safe a Mayu ya nuna 212, a farkon Agusta 268. Da ya haura 300 da an janye magani ba sai an yi allura ba. Tsakanin 150 da 300 kuwa nan ne wurin da gwajin tayarwa ke raba gardama. Aka yi shi ranar 19 ga Agusta, da shiri irin na Yuli, a ɗakin gwaji ɗaya.

Kafin allura 274. Minti 30, 462. Minti 60, 551.

Aka rage magani a hankali, aka tsayar a ƙarshen Satumba. A Oktoba ta yi zazzaɓi da ya kai 38.9, aka yi maganin maleriya kawai, awon jininta bai faɗi ba. Nauyinta kilo 54. Nankarwar ba ta tafi ba.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Allura iri ɗaya aka yi sau uku, sau ɗaya ta kusa jawo asarar rai, sau biyu ta faɗi gaskiya. Bambancin duk a shiri yake da karatu. A ganina kuskuren Mayu 2024 na mutum biyu ne, wanda ya ɗibi jini bai tambayi lokacin da ta sha magani ba, da wanda ya nemi lamba ɗaya mai wuce 500 bai dubi ukun a jere ba. Na biyun ya fi nauyi, don takardar kanta ta isa ta sa shi shakka.

Gwajin Yuli ya yi amfani ne saboda an haɗa shi da awon ACTH. Ba don haka ba, da an san adirinal ta gaza amma ba a san ko za ta dawo ba, wataƙila a ɗora ta a kan magani har abada, har da na riƙe gishiri wanda masu ciwon Addison ke bukata ita ba ta bukata. Shi ma gwajin yana da iyakarsa. Maikirogiram 250 kira ne da ya fi na jiki ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka adirinal mai rauni kaɗan na iya amsawa ta wuce, shi ya sa wasu ke amfani da maikirogiram 1. In kuma fituwitari ba ta fi sati huɗu zuwa shida da samun matsala ba, adirinal ba ta kai ga motsewa ba, sakamako zai fito lafiya alhali ba lafiya. A irin wannan akan koma gwajin insulin, inda ake saukar da sukari da gangan a ga ko dukan layin zai tashi, gwajin da ba a yi wa mai farfaɗiya ko ciwon zuciya. Wata ashirin na matar nan sun fitar da ita daga wannan shakkar.

Wata shidan da aka yi asara tsakanin Yuli da Janairu ba na ɗora su a kan gwaji. Ya faɗi abin da ya gani, man haɗin ne ya hana a ga canji, kuma na yi imani shi ne ma ya ɗan riƙe ta a makonnin azumin 2024 tare da alluran kemis, har gudawa ta zo ta fi ƙarfinsa. Ban ji daɗin cewa sai da idon nas ya kai ga dantse aka gano ba, a garin da kowace unguwa ke da mai haɗi.

Likitan ya ce ta ci gaba da riƙe katin na wata shekara, in tiyata ko babban ciwo ya taso ta nuna. Mai kawo mata ƙwayar har yanzu tana kawo ɗinki. Ta fara ramuwar azumi a sanyin Disamba, Litinin da Alhamis.